Kafar Ruwan da Na Toshe a Lambun Matata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, Ya kuma ba ɗan Adam hankalin sarrafa su duka biyu.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugaban ƙungiyarmu ta masu noman rani da 'yan kwamitinsa. Manajan masana'antar narka ƙarfe, wanda ya baro ofis mai sanyi ya zo ya sha rana tare da mu. Malamar gona, wadda ba ta taɓa zuwa wurin nan ta koma da takalmi mai tsabta ba. Abokan aikina na da, da nake hangowa can baya sun jeru a inuwa, kamar dai yadda suka saba idan an ce ga aiki. Iyayena maza da mata, 'yan'uwana manoma, da duk wanda ya tako ya zo bakin wannan magudana, ina yi muku sallama irin ta mutanen kirki: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga masana'anta da ta zuba mana wannan ƙofar ƙarfe da za a buɗe yau, ga matasan da suka yi wata uku suna haƙar magudana, ga matan da suka shayar da su, suka ciyar da su. Ina kuma godiya ga kwamiti da ya ba ni damar magana. Da aka aiko mini na ce ko an yi kuskuren suna ne, domin a iya sanina ba a kiran wanda ya tayar da gobara ya yi jawabi ranar da aka kashe ta. Shugaba ya ce ai wanda ya tayar da gobarar shi ya fi kowa sanin ta inda wutar ta taso. Shi ya sa ga ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne wanda ake kira Sannu-Sannu. Shekara talatin da ɗaya na yi a masana'anta ina aiki ɗaya tak, wato zuba narkakken ƙarfe. Lambun da kuke gani daga nan, na uku daga bakin hanya, mai bishiyar lemun tsami a kusurwa, mutane suna ce masa lambun Sannu-Sannu. Ina so in gyara wannan tun kafin in ci gaba. Ba nawa ba ne. Na matata ne, uwar 'ya'yana, ta gada daga mahaifinta, kuma shi ya dasa lemun nan da hannunsa. Ga ta can zaune a ƙarshen layin mata. Yau shekara guda da 'yan watanni rabon da ta taka ƙafarta cikin lambun nan, kuma ni ne sanadi. Akwai abin da zan roƙe ta a gabanku kafin in zauna, ban san ko za ta yarda ba. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Magana ta farko, ta ƙarfe ce.

Da yawanku kun ga ƙarfe a sanyaye, kun gan shi garma, kun gan shi rodi, amma ba ku gan shi yana gudu ba. Idan ya narke yakan zama ruwa sosai, fari fat, ido ba ya iya kallonsa sai da baƙin gilashi. Ana kawo shi cikin wata tukunya da ta fi ɗakin kwananku girma, a rataye a sama. A gindinta akwai rami, a cikin ramin akwai sandar toshiya, a jikin sandar kuma akwai mariƙi. Wannan mariƙin shi na riƙe har furfura ta same ni. Ka ɗaga shi da yawa, ƙarfe ya kwararo da ƙarfi, ya fantsama, ya haɗiye iska, ya daskare da ramuka a cikinsa. Ka ɗaga shi kaɗan ƙwarai, ya huce a hanya, ya toshe bakin. Aikin duka yana tsakanin waɗannan biyun, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta fi faɗin yatsa ba.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, Allah Ya jiƙansa, muna ce masa Baba Babu-Gira, domin wuta ta daɗe da raba shi da gashin gira. Abu uku ya dasa mini a ka. Ya ce a zuba sannu-sannu, kada hannu ya yi rawa. Ya ce duk inda ka ga yoyo, ko ɗigo ɗaya ne, toshe shi kafin ka tambayi daga ina ya fito, domin yoyon ƙarfe ba ya jiran shawara. Na uku ya ce kada ka taɓa zube tukunya ƙarƙaf, ka bar na ƙarshe a ciki.

Na ce, “Baba, me ya sa za a bar na ƙarshe? Ai asara ce.”

Ya dube ni da fuskar nan tasa marar gira ya ce, “Kai dai bar shi. Ranar da ka isa sanin dalili za ka sani.”

Shekara shida ina bin wannan doka ban san dalilinta ba. Daga baya na gane cewa dattin ƙarfe a sama yake taruwa kamar kumfa, idan ka zube duka sai ya biyo baya ya lalata aikin. Ku riƙe mini wannan, za mu dawo kansa.

Magana ta biyu, ta ritaya ce, kuma ina roƙon matan da mazajensu suka kusa barin aiki su kasa kunne da kyau.

Namijin da ya saba fita kullum, idan aka ce ya zauna a gida, sai ya fara neman abin gyarawa. A mako na farko na gyara ƙofar ɗaki wadda lafiyarta ƙalau. A na biyu na kwance keken ɗinkin maƙwabciyarmu, har yau akwai kusoshi biyu a aljihuna da ban san mazauninsu ba. A na uku uwar yara ta ce, “Malam, zo mu je lambu ka sha iska.” Ita a nufinta ta ceci sauran kayan gida ne.

Shekara ashirin da biyar tana noma lambun nan, tumatir da albasa da tattasai, ba ta taɓa neman shawarata ba, ni ma ban taɓa tsayawa na duba yadda take yi ba. Ran nan na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ta buɗe ruwa gaba ɗaya, ya malale fangali har ya shafe kunya, ta koma gindin lemo ta zauna tana fira da maƙwabta. Ni da na yi shekara talatin ina auna ɗigo. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai na zagaya ƙasan lambun, na tarar da wata kafa a jikin ganuwa, an jera mata duwatsu, ruwa yana tsiyaya ta ciki yana fita abinsa zuwa kwari. Jama'a, yoyo. Yoyo da rana tsaka, kuma ba wanda ya damu.

Na ce, “Maman yara, kin san lambunki yana yoyo?”

Ta ce, “Ba yoyo ba ne. Babana ne ya yi ta. Ya ce ko me za a yi, kada a toshe kafar nan.”

Na ce, “Saboda me?”

Ta ce, “Bai faɗa mini ba.”

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, kuma ita ce dariyar da ta fi kowace tsada a rayuwata. Na ce abin da ba shi da dalili ai camfi ne. Ni da na bi dokar Baba Babu-Gira shekara shida ban san dalilinta ba, saboda shi namiji ne mai hular kwano a masana'anta, sai ga shi na kasa bin dokar surukina ko na kwana ɗaya, saboda ta fito daga bakin matata. Washegari na zo da siminti na toshe kafar, na shafe ta sumul, har na rubuta kwanan wata a jiki don alfahari. Sannan na haɗa wani ɗan famfo mai mariƙi, irin na wurin aikina, na ce daga yau ruwa sannu-sannu za a riƙa ba shuka, kaɗan da safe, kaɗan da yamma, daidai jiƙa saman ƙasa.

Shekarar farko abin ya yi kyau, kuma wannan shi ne babban bala'in. Ruwan da muka sha bai kai rabin na da ba, tumatir kuwa ya yi. Maƙwabta suka fara zuwa kallo. Aka daina ce mini Sannu-Sannu aka koma Injiniya, ni kuma ban hana ba. Mutum tara suka roƙe ni in haɗa musu irin famfona, in kuma toshe musu nasu kafofin. Suna nan zaune, ba zan nuna su ba, ga shi dai sun sunkuyar da kai da kansu.

Shekara ta biyu sai ƙasa ta fara yin fari-fari a saman kunya, kamar an barbaɗa gari. Na ce ƙura ce. Bakin ganyen tattasai ya ƙone, na ce rana ce. Shuka ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, na ce iri ne marar kyau. Duk wanda za a ɗora wa laifi na ɗora masa, ban da mutum ɗaya. A shekara ta uku iri ma ya ƙi tsirowa. Lemun surukina ya fara zubar da ganye, reshe bayan reshe.

Wata safiya muka je tare da ita. Ta tsaya gindin lemon nan ta daɗe, ta tsinci busasshen ganye ɗaya, ta murje shi a tafin hannunta. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “A nan yake zama idan ya gaji.” Ta kakkaɓe hannunta ta kama hanyar gida. Tun daga ranar ba ta sake zuwa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba a jima ba takardar kwamiti ta iso. Kun san dokarmu, kuma doka ce mai kyau: lambun da ya yi rani biyu bai ba da amfani ba, a karɓe a ba wanda ke jira. Sunanta ne a kan takardar, ba nawa ba. Ta karanta, ta ninke, ta ajiye a kan tebur, ta ce mini, “Ci abincinka kada ya huce.” Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba ne. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Magana ta uku, ta gishiri ce, kuma a nan zan faɗi abin da malamar gona ta koya mini. Idan na yi kuskure tana kusa, ta saba gyara ni.

Na je ofishinta da ƙasa cikin leda, ina tafe ina tsara yadda zan yi mata bayanin famfona. Ta ce mu je ta gani da idonta. Da muka zo ta durƙusa, ta lakaci farin abin nan, ta miƙo mini ta ce, “Baba, ɗanɗana.” Na ɗanɗana. Gishiri ne, har da ɗaci-ɗaci irin na kanwa.

Na ce, “'Yata, wa ya zuba mana gishiri a lambu?”

Ta ce, “Kai ne, Baba. Kullum sau biyu.”

Ta bayyana mini cewa duk ruwan ban-ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji ba. Idan ka ba ƙasa ruwa kaɗan, rana takan ɗauke ruwan ta bar gishirin a nan. Gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, yana taruwa daidai inda saiwa take, har ya kai shuka tana cikin danshi amma ƙishirwa tana kashe ta. Maganinsa shi ne lokaci-lokaci a malala ruwa da yawa, ya narkar da gishirin, ya nutse da shi ƙasa da saiwa. Amma fa sai ruwan nan mai gishiri yana da hanyar fita. In babu, sai ya kwanta a ƙarƙashi, rana ta sake jawo shi sama, a koma gidan jiya. Sai ta waiwaya ta ce, “Ina mafitar ruwan lambun nan take? Tsofaffin da suka yanka wurin nan ba sa yin lambu babu ita.”

Na kai ta wurin. Ta dubi simintin, ta karanta kwanan watan, ta dube ni. Yarinyar nan tana da tarbiyya, ba ta yi dariya ba sai da ta shiga mota.

A nan ne maganar Baba Babu-Gira ta dawo mini. Ƙarfe yana da dattinsa, ruwa ma yana da nasa, kuma kowane mai sana'a na ƙwarai ya san inda zai raba datti da abin kirki. Shi yana barin nasa a gindin tukunya, surukina yana sallamar nasa ta kafa. Dattawan nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma abu ɗaya suka sani. Ni da na zauna da su duka biyun, na ɗauki rabin karatun ɗaya na je na rushe na ɗayan.

Da hannuna na fasa simintin. Kuma ina shaida muku aiki ne mai kyau, kwana biyu ina dukansa. Na je gaban kwamiti na cire hula na roƙi a ƙara mana rani ɗaya. Shugaba ya ce za a ƙara, da sharaɗin in bi lambuna taran nan in fasa abin da na toshe. Malama kuma ta ce kafa ɗaya-ɗaya ba za ta isa ba yanzu, gishirin ya yi yawa, kwarin ma ya cike da ƙasa. Sai an haƙa babbar magudana ta kowa da kowa, a sa mata ƙofa, a buɗe lokacin wankin ƙasa, a rufe lokacin da kogi ya cika don kada ya dawo mana ta baya. Asalin wannan magudana ke nan da kuke zaune a bakinta.

Da aka haƙa magudanar, tun kafin a sa mata ƙofa, muka malala wa lambun ruwa sau uku, muna bari yana tsanewa. Kowane karo nakan je bakin kafa in ɗanɗana abin da ke fita. Na farko ya sa ni tofar da yawu har gida. Na uku kuwa da ƙyar na ji gishiri. Muka zuba taki, muka rufe kunya da ciyawa don rana ta rage zuƙe danshi. A nan ne kawai hannuna ya yi rana, domin malala ruwa ma ba hauka ba ne, idan ya shigo da ƙarfi sai ya kwashe ƙasa ya yi kwazazzabo. Sai da sanyin hannu, ya shiga a natse, ya kwanta bai-ɗaya. Ƙofar nan ma ni na zana ta, faranti biyu masu zamewa a kan juna, irin wadda ake tsare ruwan ƙarfe da ita, abokan aikina suka zuba ta. Na bincika, wannan karon sun bar na ƙarshe a tukunya.

Saboda haka ina kira gare ku, 'yan'uwana. Ku ba ƙasa ruwa gwargwadon buƙatarta, amma kada ku manta da ranar wankinta. Ku riƙa share magudanar nan kamar yadda kuke share ƙofar gidajenku, domin ranar da ta toshe, ranar gishiri zai kama hanyar dawowa. Idan kun ga fari a kan kunya, kada ku ce ƙura ce, ku ɗanɗana. Wanda ya ƙware a wata sana'a ya sani cewa ƙwarewarsa tana da iyaka, kuma iyakar tana bakin gonar wani. Idan kuma kun tarar da wata doka ta magabata da ba ku san dalilinta ba, ku tambaya kafin ku kwaɓa siminti. Kun ga gemuna ya kama wuta, sai ku shafa wa naku ruwa.

Bana lambun ya ba da albasa da tumatir, kwamiti ya janye takardarsa, sunanta yana nan inda yake. Lemon kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, rabinsa ya mutu, na sare busassun rassan. Amma ɓangaren da ke kallon kafar ya yi sabon ganye, kuma shekaranjiya na ga fure a jikinsa. Na je gida na faɗa mata. Ta ce, “To.” Shekara talatin da takwas muna tare, har yau ban gama sanin fassarar wannan “to” ɗin ba. Sai dai yau da safe ina ɗaura agogo na ga ta fito da takalmanta na lambu.

Mai girma shugaba, a takardar tsarin taro an rubuta cewa bayan jawabi ni zan buɗe ƙofa. Ina neman alfarma a canza. Wannan mariƙin da ke hannuna shi ne wanda na yi aiki da shi shekara talatin da ɗaya, manaja ya ba ni shi ranar sallama, aka gyara shi ya zama mabuɗin wannan ƙofa. Ban taɓa barin kowa ya taɓa shi ba. Amma ni an ga abin da nake yi idan aka bar ni da ruwa.

Maman yara, na toshe abin da mahaifinki ya ce kada a toshe, na yi miki dariya, na kusa raba ki da abin da ya bar miki. Na ba ki haƙuri a ɗaki, amma dariyar a lambu na yi ta, a gaban maƙwabta, don haka a gabansu ya kamata in ce na yi kuskure. Ki yafe mini. Ki zo ki buɗe ƙofar nan, ke kika san ruwa. In kin gama, lemon yana nan kusa, akwai 'yar inuwa.

Kafin ta yanke shawara bari in yi addu'a, ko ba komai na sami abin yi da bakina. Allah Ya jiƙan surukina, Ya jiƙan Baba Babu-Gira, Ya jiƙan dukkan magabatanmu. Allah Ya albarkaci wannan ƙasa da ruwanta, Ya raba mu da gishirin da ba mu nema ba. Allah Ya tsare masu tsayuwa gaban wuta, Ya ba masu durƙuso a fangali amfani mai albarka. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Jama'a, ku ɗan buɗa hanya ta nan tsakiya. Ga ta nan ta miƙe.

Na gode.